Ladan Fatalwa

Ni anka ba fatalwa.
Ba don gwaninta ba, don ramata.
Darakta Sahabi yad dube ni sau guda,
yac ce, wanga ko alli bai buƙata.

Shirin na wa da ƙane na,
Arzika da Jelani, babur guda,
tazargade cikin gwangwanin madara,
da tocila wadda sai an mare ta taka farkawa.
Duk daren Laraba suna kashe ni,
Mabera ta tafa, Runjin Sambo ta tafa,
in tashi in wanke farin ƙasa bakin famfo
in taka da ƙafa har Rijiyar Ɗorowa.

Kashi na tara anka ce za mu yi ma kanmu dariya:
'yan fim sun shiga tsohuwar silima ɗaukar fim,
wani abu na cinye su ɗaya ɗaya,
mai haske, mai sauti, yarinyar kwalliya,
har a kira 'yan'uwan su zo ceto.
Nit tambayi marubuci, mi ak kashe fatalwar tun farko?
Yac ce, jiran kuɗin aiki.
Kowa yad dara.
Ni ma nid dara, wata huɗu nike bi.

Alhaji Modi mai kuɗin shiri yaz zo da yamma,
yana sakace da tsinken tsire.
Yac ce ina rawa?
Anka ce Alhaji, abin tsoro na.
Yac ce ko gawa ta, ta taka,
kasuwa ba ta sayen kuka tsura.
Sai ga ni cikin zanen gadon otal
ina karkaɗa kafaɗa tsakanin kujeru,
jemagu na zubo muna kashi,
janareta na tari,
jinin zoɓo na tsami cikin zafin Sakkwato.

A sake!
Arzika ya manta addu'ar da za shi tofa.
A sake!
Jelani, mai korar aljannu, ya ga gafiya ya haye benci.
A sake, fatalwa ta yi atishawa.
Sau goma sha bakwai nim mutu daren nan,
anka ba ni ruwan leda biyu da alkawali.

Ran tace hoto anka kira ni.
Ɗakin shiru, fanka kaɗai ka magana.
Ga ni a allo, ina rawata ta yunwa,
ga wani bayana, layi na ukku,
zaune, ya ɗora ƙafa bisa ƙafa,
hasken fitila na ratsa ƙirjinai
awa rana cikin tsohon asabari.
Bai yi kuwwa ba, bai zaro ido ba,
kallo kawai yakai,
kallon wanda yas sayi tikiti tun da daɗewa.

Jelani yaf fita bai ɗau takalmi ba.
Arzika yat tuno addu'ar, sarai, har ƙarshe.
Alhaji Modi yam matso da kujera,
yad daɗe yana duba,
yac ce, wanga ya fi naku iyawa.
Nawa yaka amsa?
Ba wanda yat tanka.
Yac ce, to shi za mu riƙe.

Haka anka sallame ni.

Jiya bayan lisha nib bi ta wurin.
Ƙofar kwano a buɗe, ba mai gadi.
Niz zauna layi na ukku, nib bar kujera guda tsakani.
Munka kalli bangon da babu komi,
ni da abokin sana'a.
Can sanyi yat taɓa min kunne,
murya awa tsohon faifai tac ce,
kai, sun biya ka?

Nic ce a'a.
Yac ce, zamna da kyau. Akwai wuri.